Dokar Hana Baba Nono

Dutsin-Ma,
9 ga Yuni.

Zuwa ga taubashiyata, Malama Hafiza, shugabar masu raina ni ta ƙasar Kurfi da kewaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa wadda ta fi ƙarfin wannan takarda, ina tambayar lafiyarki da ta mahaifiyarki Gwaggo Turai, da ta Innata, da ta ɗalibanki 'yan aji huɗu waɗanda Allah ya jarrabce su da ke. Yaya damina? Yaya jikin Baba? Ni dai ina nan lafiya, in ban da nauyin ilimi da ya fara karkatar mini da wuya.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Dalili shi ne wayarki ba ta san sirri ba. Da ta yi ƙara sai ki buɗe muryarta a tsakar gida, Gwaggo ta amsa, maƙwabta su sa baki ta kan katanga. Maganar da nake tafe da ita kuwa ta manya ce. Saboda haka na naɗa Ɗanmusa direban motar Kurfi jakada na musamman tsakanina da ke, ya kuma karɓi muƙamin ba tare da ya san darajarsa ba.

Albishirinki! Dakta Aishatu, malamarmu ta kimiyyar sinadaran jiki, ta zaɓe ni cikin ɗalibai uku kacal da za su yi aikin kammala digiri a ƙarƙashin bincikenta. Batun binciken kuwa, ki gyara zama, shi ne yadda tsakuwa take haɗuwa a cikin ƙodar ɗan'adam. Akwai wasu sinadarai biyu, kalsiyam da okzalet. Kowannensu mutumin kirki ne idan yana shi kaɗai. Amma idan suka gamu a ƙoda sai su ƙulle, su zama 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ƙwayoyin su yi ta hawa kan juna har su zama irin abin nan da aka yanka Baba aka ciro bara. Da aka kira sunana a gaban aji na miƙe cikin natsuwa da ƙasaita, sai da na fita waje na yi tsalle uku a bayan ɗakin karatu.

Kin san abin da ya sa wannan aiki ya fi ƙarfin maki a wurina. Ban manta da maganar likita ta watan jiya ba, cewa hoto ya nuna wata sabuwar tsakuwa a ƙodar Baba ta hagu, milimita huɗu, kamar ƙwayar dawa. Ya ce a koma ranar takwas ga Satumba. Idan ta ƙaru, sai an sake aiki. Kina wurin kuma Baba ya ce wuƙa ba za ta sake hawa jikinsa ba, ko da abin zai zama ajalinsa. Ni da ke mun san shekara talatin yana dillancin shanu ba a taɓa jin ya janye magana ba. Wata uku ke nan gare mu, Hafiza. Ko dai tsakuwar ta tsaya inda take, ko mu zuba ido muna kallo ta lalata masa ƙoda.

Buƙatata ta farko: tsohuwar tsakuwar da aka ciro tana cikin kwalbar turare a akwatin Inna. Ki karɓo ta da ladabi, ki naɗe a tsumma, ki ba jakada. Kada ki ce masa komai, mutum ne mai bincike a kayan fasinja.

Ta biyu: ki ƙara tsaurara dokata. Tarihi zai shaida cewa ni ne na karanta takardar asibiti bara, na ga kalmar kalsiyam, na tuna nono cike yake da shi, na tara ku na zartar da hukunci: ba nono, ba kindirmo, ba madara a shayi. Na maye gurbinsu da ganye, wato miyar alayyafo da yakuwa safe da yamma, da baƙin shayi. Yanzu ga damina, shanu sun ƙoshi, nono ya yi arha, Shaiɗan kuma ba ya hutu. An ce mini an ga Baba ranar Juma'a ya tsaya yana kallon ƙwaryar Inna kamar mai ban kwana. Ki sa ido. Furarsa da ruwa za a ci gaba da damawa. Wata tara ya yi yana biyayya ga ilimi, kada ku rushe mini gini da tausayin banza.

Ki gaida Gwaggo, ki durƙusa mata a madadina har ƙasa, ba irin rabin durƙuson da kika saba ba.

Naki, ubangidanki bisa shari'ar taubasantaka,
Badaruddeen.

Dutsin-Ma,
27 ga Yuni.

Zuwa ga Malama Hafiza, wadda Allah ya yi wa baiwar zama 'yar uwar masani.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, Gwaggo na lafiya, ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi. Saƙo ya iso lami lafiya. Na kuma ga 'yar takardar da kika liƙa a jikin kwalba, inda kika kira ni Farfesan Tsakuwa. Na karɓi sarautar. Izgili ne a bakinki, amma annabci ne a wurin masu hankali.

Hafiza, na gani! Wallahi na gani da idona! Malam Ɗayyabu, dattijon da ke kula da ɗakin gwaje-gwajenmu, ya ɓallo ɗan gefen tsakuwar Baba, muka niƙa, muka gwada, ta tabbata kalsiyam da okzalet ce tsantsa. Daga nan Dakta ta koya mana haɗa wani ruwa mai kama da bawalin mutum, muka ɗiga sinadaran biyu a ciki, muka jira rabin awa, na ɗora ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Na sa ido sai na ga gari guda. Wasu ƙwayoyin masu kusurwa huɗu ne da layi biyu a gicciye, sak ambulan ɗin wasiƙa, suna ƙyalli. Wasu kuma siririn tsakiya gare su da kai biyu, kamar kalangu. Ina kallo ɗaya ta matso ta manne wa 'yar uwarta. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Malam Ɗayyabu ya zubar da shayinsa, ya ce idan na sake firgita shi zai sa ni wanke kwalabe har ranar yaye mu.

Kwana goma ke nan ina ƙirga ƙwayoyin nan. Idan muka ƙara ruwa sai su ragu. Idan muka ɗiga lemun tsami sai su kasa manne wa juna, su yi ta yawo kamar baƙin da ba a yi wa masauki ba. Kowace safiya ina riga mai gadi isa ƙofa.

Yanzu ga babban al'amari, ki karanta shi nesa da jama'a. Na ba Dakta labarin Baba. Ta ce tsohuwar tsakuwa tarihi ce, idan ana son sanin abin da ke gina sabuwa, sai an auna abin da ƙodar take fitarwa a yau. Ma'ana, ana buƙatar bawalin Baba na yini da kwana cur, daga asuba zuwa asuba, ba tare da ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa ba. Ta kira likitansa, ya ce hakan ya yi daidai, a aiko masa da sakamako.

Kin san matsayina. Ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, "yaron nan" nake tun ina rarrafe. Idan na shiga zaure yakan juya fuska ya yi wa bango magana. Ta yaya zan tsaya gabansa da jarka in furta wannan buƙata? Ƙasa za ta tsage in shige, kimiyya ta yi asarar ɗanta. Inna ma ba za ta iya ba. Mutum ɗaya ce a doron ƙasa take ba shi umarni ya bi, yayarsa Gwaggo Turai, wadda ta goye shi. Ki shawo kanta, ita kuma ta shawo kansa.

Ga jarka nan mai cin lita uku. Akwai ɗan ruwan magani a ƙasanta mai ƙona fata, kada a zubar, kada a taɓa, a ajiye ta a inuwa inda yara ba sa kaiwa. Na shaida wa jakada cewa kayan gwamnati ne.

Allah ya ba ki basira daidai da girman aikin, domin wadda kike da ita ba za ta isa ba.

Naki har kullum,
Badaruddeen, Farfesan Tsakuwa.

Dutsin-Ma,
11 ga Yuli.

Zuwa ga 'yar uwata Hafiza.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo da Inna, da fatan shuka ta yi kyau. Wannan takarda tana ɗauke da janye zargi guda da kuma fallasa guda. Zan fara da mai sauƙin.

Na janye zargin da na aiko miki da shi ta bakin Ɗanmusa, cewa kin zubar da rabin amanar a hanya. Da jarka ta iso na ga abin da ke ciki bai kai lita ɗaya ba, launinsa kamar baƙin shayi, na rantse ganganci ne irin naki. Sai ga amsarki. Na karanta wa Dakta inda kika ce Gwaggo da kanta ta zauna gadi a ƙofar ɗakinsa da carbi, bayan ta ce masa, "Ni na wanke maka abin da ya fi wannan, karɓi jarka." Na kuma karanta mata inda kika ce sau biyu tak ya kewaya a yinin, domin Baba da alwalar asuba yake sallar la'asar, kuma ba ya shan ruwa a kara, wato kasuwar shanu, don kada ta karye. Ashe abin da muka taso muna alfahari da shi ke nan, muna cewa ubanmu ya fi kowa riƙe alwala. Dakta ta ce mutumin da ke yini a rana tsakanin shanu ya kamata ya fitar da lita biyu ko fiye. Idan ruwa ya yi kaɗan, ƙwayoyin nan cunkushewa suke yi kamar fasinjojin ranar kasuwa, dole su manne.

Wannan laifin Baba ne, na kuwa rubuta shi da manyan baƙaƙe cikin jin daɗi. Ban san nawa yana tafe ba.

Da muka auna okzalet, ya kusan ninka abin da ake so. Dakta ta tambaye ni me yake ci. Na gyara tsayuwa, na zayyana mata dokata daga farko har ƙarshe, har da tarihin yadda aka kafa ta. Ina jiran yabo. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Badaruddeen, wata nawa?" Na ce goma ke nan. Ta aike ni kasuwa in sayo alayyafo da nono, ta ce ni da hannuna zan yi gwajin.

Na dafa ganyen, na tace ruwansa, na raba kwalba biyu. Ɗaya na bar ta haka, ɗaya na zuba mata nono. Muka juya su a inji, muka auna ruwan saman. Hafiza, kwalbar da ba nono cike take da okzalet. Mai nonon kuwa, mafi yawansa ya kama kalsiyam ya kwanta a ƙasa. Na ce kuskure ne, na sake. Na sake har sau biyar, Malam Ɗayyabu yana zaune yana kaɗa ƙafa. Amsa ɗaya.

Ga fassarar, yadda ko 'yan aji huɗu za su gane. Alayyafo da yakuwa da baƙin shayi ma'adanar okzalet ne. Idan mutum ya ci su tare da nono, to kalsiyam da okzalet a hanji za a ɗaura musu aure, su fita tare ta hanyar da kowa ya sani, ƙoda ba ta ko ji labari ba. Idan kuwa babu nono, okzalet ya shiga jini yana gwauro, ya sauka a ƙoda, a can ya tarar da kalsiyam ɗin da jiki ba ya rabuwa da shi, su kafa gida. Wato na kori mai gadi, na kuma buɗe wa ɓarawo ƙofa safe da yamma, da cokali. Dakta ta ce masana sun daɗe da sanin wannan, yana cikin darasin da za mu yi zango mai zuwa. Ni ne na yi fatawa da rabin littafi.

Na tambaye ta ko ni na gina sabuwar tsakuwar. Ta ce ba wanda zai iya rantsewa, amma ban taimaka ba. Na fita na zauna a gindin darbejiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hoton mutumin nan, mai shanu goma sha biyu, jikan Fulani, yana shan fura da ruwa wata goma bai taɓa cewa uffan ba, don kawai yaron nan ya yi karatu.

Amma ki ji inda zuciyata ta sake tashi tsaye: yanzu mun san abokin gaba, muna kuma da sati takwas! Likitansa ya ga sakamakon, ya ce a dawo da nono tare da abinci, a rage ganyen nan da gishiri, a sha ruwa sosai. Za ki iya gaya wa Inna yau ɗin nan ta sauya miya. Amma nono kada kowa ya miƙa masa. Ba zai karɓa daga hannun kowa ba, zai ce kuna tausaya masa ne. Bakin da ya kafa doka shi zai warware ta. Ranar kasuwar Dutsin-Ma zai shigo da shanu, ki roƙi Gwaggo ta umarce shi ya biyo ta makarantarmu.

An ba ki izinin dariya na kwana uku. Bayan haka zan ɗauke ta a matsayin tawaye.

Naki,
Badaruddeen, wanda aka sauke daga sarauta.

Dutsin-Ma,
17 ga Yuli.

Zuwa ga Hafiza, jakadiyar nasara, wadda yau kaɗai na yarda tana da hankali.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu! Ina fata kuna lafiya kamar yadda nake, ko da yake da wuya a samu mai lafiyata a jihar nan yau. Na san Baba ya dawo gida bai ce muku komai ba, don haka ga cikakken rahoto daga wanda aka yi a gabansa.

Ya iso bayan azahar, da babbar riga da sanda, da ƙurar kara a ƙafa. Da ya zo ƙofar ɗakin gwaje-gwaje sai ya tuɓe takalma. Malam Ɗayyabu ya bi shi da su a hannu yana roƙo, yana cewa Alhaji nan ba masallaci ba ne, akwai abin da ke cin ƙafa a ƙasa. Dakta ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujerarta. Ni kuwa bango ya samu gaisuwar da ta kamace ni, kamar kullum.

Na ɗora masa ɗigon nasa a madubi. Da farko ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, ya ce duhu yake gani. Da aka gyara, ya ƙura ido har na ƙirga numfashinsa bakwai. Ya ɗago ya ce wa Dakta, "Malama, waɗannan duka a cikina suke kiwo?" Ta ce ƙwarai. Ya sake leƙawa ya ce, "Garke ne babba."

Sai lokacina ya yi. Na kwana biyu ina tsara jawabi mai shafi biyu, da muƙaddima da hujjoji da rufewa. Na ajiye kwalabe biyun nan a gabansa, na buɗe baki, duk kalmomin suka watse suka bar ni. Na tsinci kaina a durƙushe. Abin da ya fito kawai shi ne: Baba, nono ba shi da laifi. Ni na yi kuskure, ni na cuce ka. Ka yafe mini.

Bai dube ni ba. Ya tambayi Dakta, ita ta gano ko yaron nan. Ta ce ita ta yi zato, amma shi ya yi gwajin sau biyar, shi ya kawo sakamakon da hannunsa, shi ya ce a kira Baba. Baba ya juya sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Shekara talatin ina kara. Mutum biyu kaɗai na gani sun dawo da ƙafarsu sun ce dabbar da suka sayar tana da aibi. Yau sun zama ukku." Ya ce wa bango a gaya wa yaron nan ya tashi, zai ɓata wandonsa.

Ban gama share ido ba aka shiga babin ruwa, a nan kuwa na ga abin da ba a koyarwa a jami'a. Dakta ta ce lita uku kullum. Baba ya gyara zama irin na kara, ya ce alwalarsa fa? Malam Ɗayyabu, wanda shi ne ladanin masallacin ma'aikata, ya ce Alhaji ai sabunta alwala ba asara ba ce, lada ce ake ƙara maka, ruwan buta kuma bai ƙare a duniya ba. Baba ya yi tunani, ya ce to ya saya lita ɗaya. Ashe Dakta 'yar kasuwa ce gaba da baya. Ta kawar da kai ta ce, "Albarka." Ya ce ɗaya da rabi. Albarka. Ya ce Malama ki dubi shekaruna. Ta ce shekarun ta duba ta faɗi uku. Ya miƙe kamar zai tafi, har ya kai ƙofa, ba ta kira shi ba. Ya dawo da kansa ya ce biyu, kuma ba ƙari. Ta ce biyu da rabi, da lemun tsami a matse a ciki a matsayin gyara. Ya dube ta ya ce da a kara take da ta kashe musu kasuwa. Ta ce ta sallama. Ya miƙa wa Malam Ɗayyabu hannu a madadinta, suka tafa a gaban shaidu. Kin san abin da tafin hannun Baba yake nufi. An gama!

Daga nan na raka shi bakin kasuwa, ina biye da shi taku uku a baya. Bai ce mini ga inda za mu ba. Ya tsaya wurin wata mai fura, ya zauna a benci, ya ce a dama, a cika nono. Ya riƙe ludayin na ɗan lokaci kafin ya kai baki. Ya shanye ƙwarya guda ba tare da ya ɗago ba, ya ce a ƙara. Na ga idonsa ya yi ruwa. Ya gaya wa mai furar cewa hayaƙin mai tsire ne, alhali mai tsiren bai ko hura wuta ba. Ya tura mini sauran da gefen hannu, yana kallon titi.

Ga sabon aikinki. Na aiko da gorar lita ɗaya da rabi guda biyu, na ja layi a jikin ta biyu. Kullum da safe a cika, a rataya masa ɗaya a babur. Da magariba ki duba. Ba don zai karya alkawari ba, sai don ilimi yana son shaida.

Ki gaida Gwaggo, ki ce mata tana bin jami'a digiri.

Naki cikin annashuwa,
Badaruddeen.

Dutsin-Ma,
8 ga Satumba.

Zuwa ga Hafiza.

Assalamu alaikum. Lafiyarki, lafiyar Gwaggo, lafiyar Inna, duk na tambaya a dunƙule, domin a kan gwiwata nake rubutu a tashar mota. Baba ne zai miƙa miki wannan takarda. Idan kun tambaye shi zai ce da sauƙi, ya wuce ɗaki. Don haka ki tara su a tsakar gida ki karanta da ƙarfi. Yau na halatta.

Ba ta ƙaru ba! Milimita huɗu take, kamar yadda aka bar ta a watan Mayu. Likita ya auna sau biyu, ya juyo da fuskar na'urar ya nuna mini. Ba sabuwa a dama, ba kumburi a hagu. Ya duba sakamakon jarka ta biyu da muka auna makon jiya, wadda kika ce sai da Gwaggo ta ɗauke ta da hannu biyu: lita biyu da ɗoriya, okzalet ya sauko kusa da inda ake so. Ya ce babu maganar wuƙa. Ya ce ƙarama irin wannan tana iya fita da kanta, a dawo bayan wata shida, a kuma ci gaba da abin da ake yi ba fashi.

Na kira Dakta ina ihu, na ce mun girgiza duniyar kimiyya. Ta ce in sauko, mutum ɗaya ba hujja ba ne, ba kuma za mu iya rantsewa da abin da ya tsayar da ita ba, sai mun auna mutum arba'in. Na ce na ji, na kuma yarda. Amma wannan mutum ɗayan ubana ne.

Saura ki ji yadda aka rufe taro. Likita yana tsakiyar bayani, yana yaba wa Baba, yana jero abin da za a kiyaye, sai Baba ya ɗaga hannu. Na ce a raina yau za a ji jawabin godiya daga bakin da ba ya yawan buɗewa, har na shirya haddace shi domin jikoki. Ya gyara murya. Ya ce, "Likita, ka yi haƙuri da maganarka tukuna. Ina makewayinku yake?"

Aka nuna masa. Ya tattare babbar riga, ya bar sandarsa a jingine, ya bi barandar nan da saurin da ban taɓa ganin ya yi ba ko a bayan bijimin da ya tsinke. Na tsaya riƙe da sandar ina dariya, ma'aikatan jinya suna kallona, har dariyar ta koma wani abu dabam da ba zan rubuta wa taubashiya ba.

Ki ce wa Inna ta dama fura, ta cika nono. Kada ku damu idan mota ta makara. Na ja Ɗanmusa gefe na roƙe shi ya tsaya sau biyu kafin Kurfi, kada kuma ya tambayi dalili.

Wassalam. Naki,
Badaruddeen.